Kafin ka sayi allon: yadda ake haɗa ƙaramar kwamfuta da manhajar da ta dace da ita

Mai gyaran waya a kasuwar Maraɗi ba ya ɗaukar fayil ɗin Tecno ya zuba wa Itel, duk da cewa kamfani ɗaya ne ke ƙera su. Yakan buɗe wayar ya karanta lambar da ke jikin injin, sannan ya nemi fayil ɗin da aka yi wa wannan lambar, domin ya san in ya kuskure wayar ba za ta sake kawo haske ba. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya yi rabin karatun da ke cikin wannan jagora. Ƙananan kwamfutocin nan da girmansu bai wuce tafin hannu ba, irin su Raspberry Pi da Orange Pi, haka suke da zaɓen abin da za a zuba musu.

Ga wanda bai taɓa riƙe ɗaya ba: allo ne guda na lantarki, a jikinsa akwai furosesa da RAM da ramukan USB da na talabijin, babbar manhajarsa kuma tana zaune ne a katin memori irin na waya. Wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitilar sola biyu ba. Shi ya sa ya dace da gari irin Gabi, cikin gundumar Madarumfa, kudu da Maraɗi dab da iyakar Najeriya, da ƙauyukan da ke kewaye da shi, inda batir da faifan sola suka fi waya mai zuwa daga turke abin dogaro, rezo kuma yau akwai gobe babu. Malamin lakwal zai iya zuba wa allo ɗaya Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci da Vikidia ta yara ta hanyar manhajar Kiwix, ɗalibai su shiga da wayoyinsu ta Wi-Fi ba tare da an kashe mega ko ɗaya ba. Abin ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 2014 gidauniyar Orange ta fara raba wa makarantu akwatin da ke ɗauke da ƙaramar Raspberry Pi da allunan karatu na hannu, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko. Mai lambu a bakin gulbi ma zai iya sa allo ya kunna famfo ya kashe.

Inda ake faɗuwa shi ne wurin haɗa allon da manhajar. Mutum ya aika Kano ko Yamai a sayo masa, ya jira mako biyu, kaya su iso, ya sa kati ya kunna, jar fitila ta kama, shi ke nan. Sai a ce allon jabu ne. Mafi yawan lokuta lafiyarsa ƙalau.

Dalilin da kati ɗaya ba ya tada kowane allo

Kwamfutar ofis tana da wani shiri a cikinta, BIOS ko UEFI, wanda da an kunna yake ƙirga kayan da ke jikinta ya miƙa wa babbar manhaja bayani. Shi ya sa kwafin Windows ɗaya ko na Ubuntu ɗaya zai hau HP ya hau Dell ya hau Lenovo. Ƙananan allunan ARM mafi yawansu ba su da wannan. Ba sa gabatar da kansu. Dole wanda ya shirya katin ya riga ya san allon da za a sa shi ciki, kuma abubuwa uku ne dole su dace.

Na farko hanyar tashi. A tsofaffin Raspberry Pi, ɓangaren sarrafa hoto ne ke fara farkawa, ya nemi fayilolinsa a ƙaramin sashen katin mai tsarin FAT, ya karanta fayil ɗin config.txt, sannan ya tada babbar manhajar, wato Linux. Allon da ke ɗauke da cip ɗin Allwinner, kamar yawancin Orange Pi masu araha, ba ruwansa da wannan sashe: kai tsaye yake zuwa kilobayit na 8 daga farkon katin ya nemi manhajar tayarwa da ake kira U-Boot. Na Rockchip kuma a kilobayit na 32 yake nema. Don haka in ka cire katin Raspberry ka sa wa Orange Pi, cip ɗin zai leƙa inda ya saba, ya tarar ba kowa, ya yi shiru. Ba saƙon kuskure, ba komai.

Na biyu taswirar allon. Fayil ne ɗan ƙarami mai ƙarewa da .dtb, shi ke gaya wa Linux cewa ramin USB yana nan, Wi-Fi yana can, wannan ƙafar ita ce ke kunna fitila. Alluna biyu za su iya ɗaukar cip iri ɗaya amma taswirarsu ta bambanta. Orange Pi PC da Orange Pi One duk Allwinner H3 ne. In ka musanya musu kati wataƙila su tashi, amma ka tarar wani ramin USB ya mutu, ko allon yana zafi fiye da kima domin hanyar daidaita wutar furosesansu ba ɗaya ba ce. Wannan ya fi shirun nan haɗari, domin mutum zai ɗauka ya yi nasara.

Na uku direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke magana da kowane kayan aiki. A nan kamfanoni suka rabu gida biyu. Wasu kan ɗauki tsohon Linux su yi masa faci don cip ɗinsu ya yi aiki, su saki sau ɗaya ko biyu, su wuce zuwa sabon kaya. Allunan H3 sun daɗe a kan Linux 3.4 na 2012 kafin masu aikin sa kai na ƙungiyar linux-sunxi su shigar da direbobinsu cikin ainihin Linux da duniya ke sabuntawa. Allon da direbobinsa suka shiga can zai rayu shekaru. Wanda ya tsaya ga facin kamfani, ranar da kamfanin ya manta da shi ranar ya fara tsufa.

Fara da aikin, sai manhaja, allo a ƙarshe

Tambayar farko ita ce ko aikin naka yana buƙatar babbar manhaja ma. In famfo za ka kunna idan tanki ya sauka, ko zafin ɗakin ƙyanƙyasar ƙwai za ka auna, ESP32 ko Arduino ko Raspberry Pi Pico sun ishe ka. Waɗannan ba sa ɗaukar Linux sam. Pico, wanda ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, kilobayit 264 ne RAM ɗinsa, shiri ɗaya ake zuba masa ya yi ta maimaitawa. Ba katin da zai lalace, wuta ta ɗauke ta dawo ya ci gaba daga inda aka tsara masa. Ina ganin ɓarnar kuɗi ce a sa allo mai Linux gadin famfo.

In kuwa ɗakin karatu ne, ko ajiyar rajistar ɗalibai, ko koyar da yara rubuta shiri, to sai ka je shafin manhajar da kake so ka karanta jerin allunan da ta ce tana ɗauka. Kiwix Hotspot da Internet-in-a-Box, alal misali, Raspberry Pi suka fi sani. Daga wannan jerin za ka zaɓi abin saye. Yawancin mutane baibai suke yi: su sayi wanda ya fi araha, sannan su shiga neman abin da zai hau shi.

Su kansu Raspberry ba ɗaya ba ne. Na farkon, wanda ya fito ranar 29 ga Fabrairun 2012 a kan dala 35, da Pi Zero na 2015 da Zero W na 2017, duk suna amfani da tsohon furosesa mai tsarin ARMv6. Debian ta armhf mai bit 32 da Ubuntu sun fi ƙarfinsa, sai ARMv7 zuwa sama suke ɗauka, dalilin da ya sa tun 2012 aka sake gina Debian musamman dominsa aka kira ta Raspbian, wadda a 2020 ta koma Raspberry Pi OS. In wani ya ba ka ɗaya daga cikin waɗannan, Raspberry Pi OS Lite mai bit 32 za ka sa masa, kuma har yau tana tada shi, abin da ya cancanci yabo. Daga Pi 3 na 2016 zuwa Pi 4 na 2019, Zero 2 W na 2021 da Pi 5 na Oktoban 2023, duk suna iya ɗaukar mai bit 64, wadda aka saki a hukumance a Fabrairun 2022. Ƙa'idar da za ka riƙe: sabon kati mai bit 32 yana tada tsohon allo, tsohon kati ba ya tada sabo. Katin da aka shirya wa Pi 3 a 2018 ba zai tada Pi 4 ba, Pi 5 kuma ba ya karɓar abin da ya girmi fitowar Raspberry Pi OS mai suna Bookworm.

Orange Pi, na kamfanin Xunlong da ke Shenzhen a Sin, ya fi sauƙin kuɗi, kuma wasu daga cikinsu sun fi Raspberry ƙarfi. Sai dai sunan yana ruɗa mutum. Orange Pi Zero yana da H2+ ko H3, Zero 2 yana da H616, Zero 3 yana da H618, Orange Pi 5 kuma ya bar Allwinner gaba ɗaya ya koma Rockchip RK3588S. Kowanne da katinsa. Shawarata ga mai ɗayansu ita ce ya fara duba Armbian, tsarin Debian da Ubuntu da aka gina wa irin waɗannan alluna, ya ga a wane mataki suka ajiye allonsa: akwai wanda suke kula da shi da kansu, akwai wanda suka bar wa masu sa kai. Bambancin yana bayyana ne ranar da sabuntawa ta karya wani abu. Kuma mai niyyar raba Wi-Fi ga aji guda ya guji Zero na farko, domin cip ɗin Wi-Fi ɗinsa, XR819, ya yi ƙaurin suna wajen yankewa.

Akwai wani allo da ya fi duk waɗannan sauƙin samu a kasuwanninmu, wato akwatin Android da ake jona wa talabijin, irin masu suna MXQ. A cikinsa allon ARM ne, kuma masu haƙuri suna sa masa Linux. Matsalar ita ce akwati biyu masu suna ɗaya da kwali ɗaya, ɗaya ka tarar da Amlogic a ciki, ɗaya Rockchip RK3229, wani Allwinner, adadin RAM ɗin da aka rubuta a kwali kuma sau da yawa ƙarya ne. Armbian da kanta ba ta ɗaukar nauyinsu a hukumance. In kana da shi a ajiye, kwance shi ka karanta cip ɗin ka gwada, za ka koyi abu da yawa. Amma kada ka ɗora karatun makaranta a kansa.

Batun Windows kuwa a taƙaice: manhajojin .exe da ka sani an yi su ne don furosesan Intel da AMD, ba za su buɗe a nan ba. LibreOffice ce ke maye gurbin Word da Excel.

Saukewa da zubawa

Kafin kuɗi su bar hannunka, ka ce wa mai sayarwa ya ɗauko hoton allon kansa gaba da baya ya turo ta WhatsApp, yadda za ka iya karanta sunan da aka buga a jikinsa, lambar fitowa, da rubutun da ke kan babban cip. Hoton kwali ba ya wadatarwa.

Duk wani aikin saukewa a yi shi a Maraɗi, inda rezo ya fi tsayawa. Raspberry Pi OS Lite kusan rabin giga ce, mai cikakkiyar fuska ta haura giga ɗaya, Wikipedia ta Faransanci mai hotuna kuma gomman giga ce, ta Hausa ba ta kusa da haka ba. Fayil ɗin da ya yanke a hanya aka ci gaba da shi yana iya cika girma amma ya lalace a ciki. Kowane shafi na kirki yana buga wata doguwar lamba mai suna SHA256 kusa da fayil ɗin. A Linux ka rubuta sha256sum da sunan fayil, a Windows ka yi amfani da certutil, ka gwada lambar da ta fito da wadda aka buga. Ko harafi ɗaya ya saɓa, sake saukewa.

Sai katin memori, wanda a ganina shi ne ya fi kowane abu jawo wa alluna zargin da ba su ci ba. Kasuwa cike take da kati mai rubutun giga 64 alhali 8 ne a ciki. A waya yakan daɗe bai tona kansa ba, domin sai hotuna sun cika shi. Linux kuwa a kunnawar farko yake miƙe sashensa har ƙarshen katin, ya fara rubutu a wurin da babu shi, bayan kwana kaɗan komai ya rikice. Gwada kowane kati kafin ka zuba masa komai, da H2testw a Windows ko f3 a Linux. Suna cika shi ne su sake karantawa, yana cin lokaci amma ba makawa. Nemi mai alamar A1 ko A2, su aka yi don irin wannan ƙananan rubuce-rubuce. Kuma ka sayi biyu.

Kwafe fayil ɗin zuwa kati kamar waƙa ba ya aiki, sai da manhajar da ke rubuta shi daga bayit na farko. Ga Raspberry akwai Raspberry Pi Imager, ga sauran balenaEtcher ko USBImager. Imager tana ba ka damar cika wasu bayanai kafin rubutu, kuma a nan akwai tarko biyu da suka shafi mu ƴan Nijar. Lambar ƙasa ta Wi-Fi: Nijar NE ce, NG ta Najeriya ce, in kuma ka bar wurin fayau, Wi-Fi zai zauna a kulle ka ɗauka direba ne babu. Na biyu kibod. Namu na AZERTY ne irin na Faransa, manhajar kuma in ba a gaya mata ba tana ɗauka na Ingila ne. Ka danna A ta rubuta Q, ka danna Z ta rubuta W, lambobi kuma su fito daban, kalmar sirri ba a ganinta a sikirin, sai allon ya yi ta ƙin ka ba ka san dalili ba. Zaɓi fr tun a nan, lokaci kuma Africa/Niamey. Tun Afrilun 2022 babu tsohon sunan shiga na pi, kai za ka ƙirƙiri naka. Armbian ita da root da 1234 ake fara shiga, nan take ta tilasta maka canzawa.

Kunnawar farko

Cire komai, ka bar kati da wuta da sikirin da kibod. A Raspberry jar fitila ta wuta ce, koriya ta karatun kati. In koriyar tana ƙyaftawa ba tsari, yana karatu, ka ba shi minti biyu zuwa uku, domin yakan sake kunna kansa. In tana ƙyaftawa da ƙirga, saƙo ne: gajeru huɗu na nufin bai ga fayil ɗin start.elf ba, bakwai na nufin bai ga Linux ɗin kansa ba, dogaye huɗu da gajeru huɗu kuma manhajar ba ta san wannan allon ba, wato katin ya tsufa. Pi 4 da Pi 5 in ka kunna su ba kati suna nuna shafin bayani a sikirin. In ka ga wannan shafi, allon yana da rai, laifin yana ga katin.

Sauran alluna ba su da wannan ladabi. Abin da ke buɗe bakinsu ɗan ƙaramin kayan aiki ne mai kan USB da wayoyi uku, USB-TTL mai volt 3.3, wanda ake jonawa a ƙafafun da aka rubuta wa GND da TX da RX, a gicciye TX zuwa RX. Ta nan allon ke faɗin duk abin da yake yi tun daga daƙiƙar farko. Gudun da ake sa wa Allwinner 115200 ne, Rockchip da yawa kuma 1500000. In ka ga haruffan banza na zuba, gudun ne bai dace ba. Duk mai son ya zama mai gyaran waɗannan alluna a yankinmu ya mallaki wannan kafin ya mallaki allo na biyu.

Da ka shiga, ka tambayi allon ko shi wane ne da cat /proc/device-tree/model, ka gwada amsar da rubutun jikinsa. Don sanin bit 32 ne ko 64, mutane kan yi amfani da uname -m, amma tana yaudara: Pi 4 mai tsarin bit 32 yakan amsa aarch64, mutum ya sauke manhajar bit 64 ta ƙi buɗewa. Wadda ba ta ƙarya ita ce dpkg --print-architecture, armhf ko arm64. Da wannan amsar za ka zaɓi kowace manhaja nan gaba.

Kayan da ake jonawa

Wi-Fi na jikin Raspberry yana iya raba rezo ga wayoyi kaɗan, amma in aji ya cika yakan gaji ya fara zubar da wasu. Ga makaranta, a haɗa allon da ƙaramin rauta ta wayar Ethernet, rautar ta ɗauki nauyin wayoyin. In kuwa ɗan sandan Wi-Fi na USB za ka saya, sunan kwali ba ya gaya maka komai. TP-Link TL-WN722N fitowar farko yana da cip ɗin Atheros AR9271 da Linux ya sani sarai. Fitowa ta biyu da ta uku, suna ɗaya kala ɗaya, Realtek ne a ciki, halinsa daban. Wanda ake sayarwa don dikodar tauraron ɗan adam kuma galibi MediaTek MT7601U ne: yana shiga rezon wani, amma direbansa na Linux ba ya raba nasa. Soka shi, ka rubuta lsusb ka ga ainihin cip ɗin, sannan iw list ka duba ko kalmar AP na cikin abin da yake iyawa. In za ka iya, tafi da allon shagon ka gwada a gaban mai kaya.

Don shiga intanet jefi-jefi, mafi sauƙi shi ne ka jona wayar Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB, Linux na ganinta nan take, layin Airtel ne ko Moov ko Zamani. Modem na USB yakan fara bayyana a matsayin faifan CD, sai manhajar usb-modeswitch ta juya shi, kuma yana jan wuta sosai.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne agogo. Ban da Pi 5, Raspberry ba ta da agogon da ke tafiya in an kashe ta. Daga intanet take tambayar lokaci. A ƙauyen da ba rezo, kowace safiya za ta tashi da lokacin da aka kashe ta jiya, kwanan rajista ya rikice, shafukan da ke da tsaro su ƙi buɗewa ranar da aka samu intanet. Maganin ɗan allo ne mai suna DS3231 da batirinsa irin na agogon hannu, a jona shi a ƙafafun I2C, a ƙara layin dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 cikin config.txt. Lura cewa daga Bookworm fayil ɗin ya koma /boot/firmware, tsofaffin bayanai na intanet suna nuna tsohon wuri.

Ƙafafu 40 ɗin nan na gefen allo da volt 3.3 suke aiki. Ka shigar musu da siginar volt 5 daga kayan Arduino, ƙafar ta ƙone, wani lokaci har cip ɗin. Na Orange Pi sun yi kama da na Raspberry a ido, amma lambobinsu a manhaja daban ne, shirin da aka rubuta da RPi.GPIO ba zai yi aiki a kansu ba. Kai, ko a Pi 5 ba ya yi, domin an miƙa ƙafafun ga wani sabon cip mai suna RP1; gpiozero ake amfani da ita yanzu. Mai tsohuwar talabijin mai jan kai da fari da rawaya kuma ya sani Pi 3 da Pi 4 suna fitar da hoto ta ramin iyafis, Pi 5 ba shi da ramin.

Wuta, zafi da ƙura

Kaso mai yawa na abin da ake kira rashin dacewar manhaja, yunwar wuta ce. Pi 3 na son volt 5.1 da amfiya 2.5, Pi 4 amfiya 3, Pi 5 har 5, in bai samu ba yakan rage wutar ramukan USB zuwa miliamfiya 600. Cajar waya ta kasuwa da siririn kebul ba sa kai wannan. Da wuta ta sauka ƙasa da volt 4.63 allon zai rage gudu, Wi-Fi ya yanke, kati ya lalace. Tambaye shi da vcgencmd get_throttled: amsar 0x0 lafiya, 0x50000 na nufin ya sha yunwa tun da aka kunna shi, 0x50005 yana cikinta yanzu. Kada ka sake sauke wata manhaja sai ka ga 0x0.

Mai sola ba ya buƙatar inbata. Asara ce a ɗaga volt 12 zuwa 220 a sake sauke shi zuwa 5. Nemi ƙaramin mai rage wuta daga 12 zuwa 5 da ke iya amfiya 5, ka daidaita shi da mita zuwa 5.1 kafin ka jona allon, kebul ɗin gajere mai kauri. Lissafin batir mai sauƙi ne: allon da ke cin wat 5 dare da rana yana shan wat-awa 120, wato amfiya-awa 10 daga batir mai volt 12. Ko inda wutar NIGELEC ta kai, gara allon ya zauna a kan batir. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har zuwa Maris na 2024, kuma ɗaukewar wuta ana cikin rubutu ita ce ajalin katin memori. In ka gama shirya komai, shiga raspi-config ka kunna Overlay File System, wanda ke hana rubutu a kan katin. Sai dai ka tuna duk abin da aka ajiye bayan nan yana gogewa da an kashe, don haka rajista sai a kan kilen USB.

A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Yawancin Raspberry na fara rage gudu a digiri 80. Akwatin roba rufaffe da ake haɗawa da shi an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Na alminiyam wanda jikinsa ke taɓa cip ɗin ya fi, ya kuma fi mai fanka, domin ƙurar hunturu tana toshe ƙaramar fanka cikin lokaci kaɗan. Pi 5 yana buƙatar fanka in aiki ya yi nauyi, ga cin wuta. Shi ya sa ga lakwal a karkara na fi son Pi 4 mai giga 2 ko 4, ko ma Pi 3B+ in karatu kawai za a raba. Gwada shi da rana tsaka a ɗakin da zai zauna, wayoyi da yawa a jone, kana duba vcgencmd measure_temp.

In komai ya zauna, kwafe katin gaba ɗaya zuwa na biyun da ka saya, ka kunna allon da kwafin don ka tabbatar yana tashi, ka sa shi a ambulan ka rubuta sunan allon da fitowar manhajar da kwanan wata, ka ba daraktan makarantar ya ajiye. Allon da ba ya shiga intanet kuma yana aikinsa, kada a taɓa shi da sabuntawa a tsakiyar shekarar karatu, musamman in akwai direban da ka haɗa da hannu, domin sabon Linux yakan bar shi a baya. A jira hutun damina, a kai shi Maraɗi, a zuba sabuwar manhajar a wani kati daban, tsohon yana aljihu. Kuma ka koya wa aƙalla mutum ɗaya a garin yadda ake canza katin da karanta koriyar fitilar nan kafin a yi maka canjin wurin aiki.